Katin rangwamen abinci a Disney da makamantansa: ya kamata mai zuwa da iyali daga Zariya ya saya?

Tambaya: Wani malami daga Samaru, Zariya, ya ce zai halarci taron ƙara wa juna sani a birnin Orlando na Amurka cikin watan Agusta, kuma zai tafi da maiɗakinsa da yara huɗu, masu shekara 14, 11, 7 da 2. Sun ware kwana shida don kai yaran filayen wasa na Disney World da SeaWorld. Wakilin da ke shirya musu tafiya ya ba shi shawarar ya ƙara kuɗi a haɗa masa da katin rangwamen abinci, wai zai rage masa kashe kuɗi sosai. Yana tambaya ko katin ya cancanci a saya.

Amsa: Malam, ga iyali irin naka, masu zuwa sau ɗaya na kwana shida, waɗanda ba sa shan giya kuma suke tantance naman da za su ci, da wuya katin nan ya mayar maka da kuɗin da ka zuba. An tsara shi ne da wasu irin mutane a zuciya, kuma ba ku ba ne. Amma kada ka ɗauki maganata haka kawai, zan shimfiɗa maka lissafin yadda za ka iya maimaita shi da farashin ranar da za ka biya.

Kafin komai, sai wakilin ya faɗa maka ainihin sunan abin da yake sayar maka, a rubuce. Abubuwa uku ne mabambanta mutane suke tarawa su kira "katin abinci". Akwai katin rangwame na gaskiya, wanda kake saya da wani kuɗi sannan duk lokacin da ka ci abinci a rage maka wani kaso. Akwai tsarin biyan kuɗin abinci tun kafin zuwa, inda ake ba ka adadin cin da za ka yi kullum. Akwai kuma abin ɗaurawa a hannu na yini ɗaya, wanda ke ba ka damar karɓar abinci bayan kowane ɗan lokaci. Lissafin kowanne daban.

Na farkon ya fi sauƙin ganewa. Shahararren misalinsa a Disney World shi ne katin da ake kira Tables in Wonderland. Lokacin da yake aiki, yana rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin abinci da abin sha a gidajen abincin da ke cikin tsarin, ga mai katin da baƙinsa har mutum goma. A shekarunsa na ƙarshe ana sayar da shi dala 150 ga masu tikitin shekara da mambobin kulob ɗin hutu na Disney, dala 175 ga mazauna jihar Florida. Ka lura da wannan: tun asali ba a sayar wa baƙon da ya zo daga waje da tikitin 'yan kwanaki. Kuma tun shekarar 2020, lokacin annobar korona, aka daina sayar da shi. Don haka in wannan sunan wakilin ya ambata, ko ka gan shi ana tallarsa a WhatsApp ko Facebook, ka rufe aljihunka.

Duk da haka lissafinsa yana da amfani, domin shi ne lissafin kowane kati mai kama da shi. Ka raba kuɗin katin da kason rangwamen. Dala 150 a raba da kashi 20 cikin 100 ya ba da dala 750. Sai ka ci abincin dala 750, a wuraren da katin ke aiki, kafin ka dawo da kuɗin katin kawai; riba sai bayan nan. Idan kuwa kana da wani rangwame tun farko, misali kashi 10 da masu tikitin shekara ke samu a gidajen abinci da dama, ba a haɗa maka biyun. Abin da katin ya ƙara maka kashi 10 ne kacal, sai iyakar ta koma dala 1,500.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen tukuici. A Amurka, duk gidan abincin da za ka zauna ma'aikaci ya kawo maka abinci teburi, ana sa ran tukuicin kashi 18 zuwa 20, kuma a Disney World idan kun kai mutum shida ana rubuta kashi 18 a cikin rasit kai tsaye. Ku shida ne. Wancan katin ma, lokacin da yake aiki, yana sa kashi 18 ko mutum nawa ne. A ce kun ci na dala 200. Rangwame ya cire 40, saura 160. Tukuici ya kama 36, harajin saye na kashi 6.5 da ake karɓa a mafi yawan yankin ya kama wajen 10, jimilla wajen dala 206. Ba tare da katin ba, 200 da haraji 13 da tukuici 36, dala 249. An rage maka wajen 43 a zama ɗaya, wato sai kun yi irin wannan zama sau huɗu kafin katin ya biya kansa. Wannan gaskiya ne, rangwame ne na haƙiƙa. Amma da babu katin, za ku shiga gidan abincin dala 200 har sau huɗu? Yawancin iyalai masu yara a kanta suke sayen abinci, inda kake yin layi ka karɓa da kanka, babu tukuici, kuma abincin babba bai cika wuce dala 12 zuwa 18 ba a 'yan shekarun nan. Iyalin da za su ƙoshi da dala 100 a kanta, kati ya ja su sun biya 206 a teburi, ba su rage komai ba, ninki suka kashe. Nan ne kamfanin yake samun ribarsa. Saboda haka adadin da za ka sa a lissafi shi ne abin da za ka kashe ko babu kati, ba abin da katin zai kwaɗaita maka ba.

Na fi zaton abin da wakilin yake nufi shi ne na biyu, tsarin abinci na Disney da ake biya tun daga gida, wanda aka dawo da shi a watan Janairun 2024 bayan dakatarwar korona. Sharuɗɗansa suna da tsauri kuma sun shafe ka kai tsaye. Sai wanda ya sauka a otal ɗin Disney yake iya sayensa. In taronka ya sa ka sauka a wani otal cikin gari, magana ta ƙare. Ba a saye wa wasu a bar wasu: duk wanda ke ɗakin daga shekara 3 zuwa sama sai an biya masa, kuma na kowane dare da za ku kwana, har ranar da za ku yini a SeaWorld ko kai kana zauren taro. Farashin yara na masu shekara 3 zuwa 9 ne kawai. Ɗanka mai shekara 11 da mai 14 kuɗin manya za a caje su, ko da cin ɗan shekara 11 ɗin bai kai rabin naka ba. Auta mai shekara 2 ba a biya masa, daga farantin uwarsa zai ci.

Ƙaramin tsarin, na cin kanta, yana ba kowane mutum cin abinci biyu da abin sha, kayan ƙwalama ɗaya a kowane dare, da kofin da ake sake cikawa da lemo. A 2024 kuɗinsa ya kama wajen dala 57 ga babba da 24 ga yaro a kowane dare. Babban tsarin, mai cin teburi ɗaya da na kanta ɗaya, wajen dala 94 ne ga babba da 30 ga yaro, kuma tukuici ba ya ciki. Farashin yana ɗan hawa shekara-shekara, sai ka nemi na bana. Da na 2024, manya huɗu 228, yaro ɗaya 24, dala 252 kullum, dare shida dala 1,512. In muka ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da sittin da takwas ke nan.

Yanzu ka auna da saye da hannu. Mu ce abincin babba dala 15, lemo kusan 5, cin biyu ya kama 40. Ƙwalama 6. Kofin nan ana sayar da shi wajen dala 22, a raba da kwana shida kusan 4. Jimilla dala 50, an kuwa karɓi 57. A wajen yaro ne tsarin yake ɗan yin riba: cin yara biyu a wajen dala 8 kowanne, da ƙwalama da kofi, 26 a kan 24. Gaba ɗaya za ku kashe wajen dala 226 kullum, 1,356 a kwana shida. Tsarin ya fi tsada da dala 156, wajen naira dubu 234, kuma wannan in kowa ya cinye rabonsa kaf, kullum, ba fashi.

To su wa yake wa riba? Tun 2018 wanda ya kai shekara 21 yana iya zaɓar giya a matsayin abin shan da ke zuwa da abincinsa, ita kuwa kofinta ya ninka na lemo sau biyu ko uku a farashi. Mai shan ta sau biyu a yini ya wuce dala 57 ba tare da wahala ba. Kai da Hajiya za ku biya farashin da aka gina da wannan a ciki, ba ku taɓa shi ba, yaran biyu da aka caje kuɗin manya ma haka. Sannan ana cin ribar tsarin ne ta hanyar zaɓar mafi tsada a jerin abinci, kuma mafi tsada nama ne: haƙarƙari, gasasshen naman shanu, kaza. Batun yankan Ahlul Kitabi malamai sun yi magana a kai, wannan tsakaninka da malamanka ne. Amma in gidanka sai naman da aka tabbatar halal ne, zaɓinku a kanta zai taƙaita ga kifi, jatan lande, fiza mai cuku zalla, taliya, dankali da kayan lambu, waɗanda galibi su ne masu arha. Ka biya kuɗin nama, ka ci na dankali. Ana iya neman abincin halal a wasu gidajen cin teburi, amma sai an sanar tun kafin ranar zuwa, ba abin da ake samu a tsaye ba ne. Ka kuma ja kunnen yara kan jajayen faifan naman da ake jerawa kan fiza, yawanci akwai alade a ciki, haka ɓarɓashin soyayyen naman da ake barbaɗawa kan salak da dankali. Tambaya ɗaya ga mai zuba abinci ta wadatar, kuma suna amsawa ba tare da ɓata rai ba.

Akwai wasu ƙananan ramuka da ke cinye abin da ya rage. Kofin da ake sake cikawa a otal-otal ɗin Disney kawai yake aiki, ba a cikin filayen wasa ba, ku kuwa a filayen za ku yini. Rabon cin da ba a yi amfani da shi ba yana mutuwa da tsakar daren ranar da kuka bar otal, ba a mayar da ko sisi. A babban tsarin, manyan gidajen abinci suna cin rabo biyu a zama ɗaya. Riƙe katin bai ba ka teburi ba: ana buɗe kama wuri kwana 60 kafin ranar, wuraren da ake rububi suna cika da wuri, kuma in ka kama ba ka zo ba, ba ka soke a kan lokaci ba, ana cire dala 10 kan kowane mutum daga katin bankinka, dala 60 ke nan a wajenku in an ƙirga kowa. Misalin abin duka kamar mai sayen kwandon tumatir ne a kasuwar Sabon Gari lokacin da ya yi arha: in gidan ba zai cinye ko ya busar ba, wanda ya sayi na kashi ya fi shi riba.

Watan da za ku je ma yana da tasiri. Agusta a Florida zafi ne mai ɗanɗano da gumi, ba irin busasshen zafin Zariya na Afrilu ba, kuma kusan kullum da yamma sai an yi ruwa da tsawa. A irin wannan yanayi yara ba sa cin abinci mai nauyi, ruwa da sanyi suke nema. Ruwan kuwa kyauta ne: a kantunan abinci na Disney World in ka nemi kofin ruwa mai ƙanƙara za a ba ka ba tare da biya ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, Disney World sun yarda baƙo ya shiga da abincinsa da abin shan da ba giya ba, muddin ba a cikin mazubin gilashi ba, ba ƙanƙara a warwatse, kuma kular ba ta wuce girman da suka ƙayyade ba. Wannan izini kaɗai ya rushe hujjar katin ga iyali irin naka. Orlando tana da al'ummar Musulmi da shagunan naman halal. In masaukinku yana da ɗan kicin, a sayi burodi, ƙwai, kaza, 'ya'yan itace da ruwa a babban kanti, a karya a ɗaki, a ɗauki na rana a jaka, sai a sayi ci ɗaya da askirim a cikin filin don yara su ji daɗin wurin. Da haka kuɗin yini zai iya sauka ƙasa da rabin dala 252. Sai dai kada a ce za a yi guzurin kilishi ko dambun nama daga gida. Hukumar kwastan ta Amurka ba ta barin a shiga da nama daga Najeriya, ko busasshe ne; duk abincin da ke cikin kaya dole a bayyana shi, wanda ya ɓoye kuma tara ce za ta hau kansa.

Na ukun, wato abin ɗaurawa a hannu na yini ɗaya, shi ne zai tare ku a SeaWorld. Tsarinsu na yini ɗaya yana ba mutum babban abinci ɗaya, abin haɗi ko kayan zaƙi ɗaya, da lemo ɗaya a kowane minti 90. Farashinsa yana sauyawa da rana, kuma a shafinsu na intanet yakan fi arha a kan bakin ƙofa. Wannan ya ɗan bambanta, domin SeaWorld ba ta da sassaucin Disney kan shiga da abinci daga waje. Lissafinsa kuma ba wuya: ka raba kuɗinsa da kuɗin cikakken ci ɗaya. A ce dala 50 ne, ci ɗaya kuma 22; ci biyu 44, ba ka kai ba, sai a na uku kake riba. Wanda zai shiga ƙarfe goma na safe ya fita shida na yamma zai iya cin uku, amma ka tuna kowane ci yana da layinsa, ga sallar azahar da la'asar, ga layin hawa lilo, kuma ba mai cika ciki ya hau jirgin majaujawa nan take. Ba a yarda a raba abincin da wanda bai saya ba. Abin da ya yi kyau a nan shi ne ba dole sai an saye wa kowa ba. Matashinka mai shekara 14, in mai ci ne kuma akwai abin da zai iya ci a jerin, shi kaɗai zai iya cin ribarsa. Ga mai shekara 7, a saya masa da hannu.

Akwai waɗanda nake ba shawarar su saya ba tare da shakka ba, don kada a ɗauka katin yaudara ne. Ɗan'uwan da ke zaune kusa da filin wasa, mai tikitin shekara, wanda zai je sau goma ko fiye, katin abinci na kakar wasa irin wanda kamfanin filayen wasa na Six Flags ke sayarwa yana rage masa sosai, domin kuɗi ɗaya ake rabawa a kan ziyara da yawa. Ko shi ma ya karanta ko biyan wata-wata ne mai sabunta kansa, domin wasu suna ɗaure mutum tsawon shekara. Haka wanda aka ba tsarin abinci a matsayin garaɓasa a kan kuɗin otal, amma ya gwada da farashin ɗaki mai rangwame, saboda ba a cika haɗa garaɓasa biyu ba, kuma "kyautar" takan zo ne da cikakken kuɗin ɗaki.

Da Dubai ko Abu Dhabi za ku, amsar za ta ɗan sassauta. A Motiongate, Legoland Dubai, Ferrari World ko Warner Bros. World matsalar halal ba ta taso ba, don haka duk jerin abincin naka ne, kuma a ƙa'ida ba sa barin shiga da abincin waje in ban da na jarirai da na masu lalura. Tun da dole a ciki za ka saya, takardar cin abinci da ake haɗawa da tikiti tana iya yin riba, in kuɗinta ya gaza na abincin da take bayarwa. Manhajoji irin su Entertainer kuma tsarin "sayi ɗaya a ba ka ɗaya" suke yi: mai arhar cikin biyun shi ne kyauta, a kan babban abinci yake aiki ba lemo ba, akwai iyakar adadin da teburi ɗaya zai yi amfani da shi, kuma ranakun hutun gwamnati sukan fita daga tsarin, su kuwa su ne ranakun sallah da mutanenmu suka fi zuwa. Ko a nan gida, in wani wurin shaƙatawa a Kaduna ko Abuja ya fito da katin naira 10,000 mai rage kashi 10, sai ka ci abincin naira 100,000 a wurin kafin ka ga ribarsa, wanda kuwa sai da sallah yake kai yara daga Zariya ba zai kai nan ba.

Abin da za ka yi a wannan makon kaɗan ne. Ka sa wakilin ya raba maka kuɗin kashi-kashi, jirgi daban, otal daban, tikiti daban, abinci daban, domin a dunƙule ne ake ɓoye ƙari. Ka sauke manhajar My Disney Experience, ana ganin jerin abincin kowane kanti da farashinsa tun daga Samaru. Ku zauna da Hajiya ku zaɓi abin da kowane yaro zai ci da gaske, na yini biyu kawai, ku tara, ku ƙara haraji, ku raba biyu don samun na yini ɗaya. Ka cire ranar SeaWorld da ranakun da za ku ci a gari. In abin da ya fito bai haura kuɗin tsarin da aƙalla kashi 15 cikin 100 ba, ka bar shi, domin sai an samu ranar da yaro ya ƙi ci, ko ruwan sama ya mayar da ku ɗaki da wuri.

Ta fuskar biya kuma, tsarin da ake biya tun daga gida yana da fa'ida ɗaya ta gaskiya ga ɗan Najeriya: yana kulle farashi, ya raba ka da fargabar iyakar da banki ke sa wa katin naira a ƙasar waje. Amma ana samun wannan kwanciyar hankali ta hanya mafi arha. Ka je bankinka kafin tafiya ka tambayi iyakar kashewa ta wata da kuɗin canjin da suke ɗorawa, in kana da asusun dala ka tafi da katinsa, ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan. In kana son ware kuɗin abinci daban don kada ya zarce, ka sayi katin kyauta na Disney bayan ka isa, ka zuba masa adadin da ka tsara. Ana karɓarsa a kusan duk kantunan abincinsu, dala ɗaya a cikinsa dala ɗaya ce, kuma abin da ya rage ba ya mutuwa ranar da kuka bar otal, ana iya sayen tsarabar 'yan gida da shi a shagunan wurin.